Katangar Da Ta Tsiro Gero

Jiya da hantsi aka zo aka ja igiya a kwarin da ke bayan unguwarmu, inda a da agwagin ruwa ke sauka. Kafin azahar an haƙa, kafin la'asar an zuba siminti, yau da na wuce bulo ya kai gwiwa. Na leƙa ramin tun ba a rufe shi ba. Wallahi kaza in ta ji haushi tana tona wanda ya fi shi zurfi. Na ce wa mai kula da aikin, wani saurayi da fensir maƙale a kunne, "Samari, kun taɓo ƙasar gaskiya kuwa?" Ya dube ni tun daga hula har takalmi ya ce, "Baba, an auna." Wai an auna. Na ja bakina na wuce, don in na tsaya zan faɗi maganar da za a kai ni ƙara. Tun da aka tare ruwa can sama kogin nan ya daina zuwa yadda ya saba, mutane suka ɗauka ya mutu, kowa ya faɗa kwari yana gini kamar gadon ubansa. Su suka sani. Ni dai abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na nemi takarda in rubuta yadda muka san harsashi a zamaninmu, ko da ba mai karantawa.

Ni ba malami ba ne. Aji biyu na yi a elementare cikin Hadejia, zamanin Turawa, shi ma don an ce kowane bulama ya kawo yaro, babu mai son ba da nasa, sai aka ba da ɗan baƙo. Mu ne baƙin. Mu mutanen shanu ne, iyayena da kakannina ba wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin rufin ƙasa. Shekarar da ciwo ya shiga garke, mahaifina ya tsaya yana kallon shanunsa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, bai daɗe a bayansu ba shi ma ya bi su. Aka cire ni daga makaranta in riƙe Inna. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su, waɗanda nake yi wa lissafi suna ba ni ƙuli-ƙuli, yau su ne ke wucewa a mota suna ɗaga min yatsa biyu. Ba komai. Muka raɓe a bayan gidan wani manomi, ya ba mu gefen danga muka kafa bukka. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma zaman raɓe zaman raɓe ne. In akuyarsa ta ci shanyar Inna, shiru. In kazar Inna ta leƙa rumbunsa, sai an yi magana. Inna tana saro nono wurin 'yan'uwa tana talla, matar da a da ita ke bayarwa kyauta. Ni kuma ƙwadago, noma da damina, kora jaki da rani, har gemu ya fara tsiro min.

Wanda bai ga fadamar nan a wancan zamani ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Ruwan da ke cin mu ba na samanmu ba ne. Sai damina ta yi nisa, marka ta zauna, sannan kogi ya taso da ruwan da aka yi can yamma, ya zo a hankali ba hayaniya, kamar baƙon da ya san hanyar gida. Yau ya jiƙa gindin geza, gobe ya shafe hanyar kasuwa, jibi masunta na yawo bisa gora a inda ka ɗaure jaki makon jiya. Kwaɗi su cika kunne, tsuntsaye su taso su rufe rana, ƙanshin bandar kifi ya bi lungu-lungu, mata na daka suna ɗaga murya don a ji su bisa kukan ruwa. Daga nan har Guri ruwa ne da shinkafa, garuruwa kuwa kowanne a tsugune bisa tudunsa kamar kaji a kan rumbu. Don haka tudu shi ne dukiya. Tsofaffinmu kan ce gona ta mai ƙarfi ce, tudu na mai rabo. Yanzu fili takarda ce da hatimi. A da fili shi ne inda ruwa ya ƙyale.

Wata kaka, bayan an gama girbi, na wanke rigata na tafi gaban Bulama, mai garinmu, na durƙusa na ce ina roƙon wurin da zan yi gini. Dattawan da ke zaune da shi suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Bafillace da gini? Gobe in ya ji kukan saniya a gabas ko sallama ba zai yi ba." Bulama bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaro, tudu kaɗan ne, masu nema da yawa. Na taɓa bai wa irinku, suka kafa turke suka tafi, wuri ya zauna ba mai shiga ba mai fita. Je ka zaɓi inda ba na kowa ba. Amma ka ji da kyau: in ruwa ya taso baɗi ban ga gini ba, na karɓe na ba wani. Ba na maimaita magana." Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji." A makon nan kuma Kawu, ƙanen Inna, wanda nasa shanun suka tsira don yana nesa lokacin ciwon, ya zo da tasa maganar. Ya ce wa Inna, "Adda, wannan zaman ya isa haka. In marka ta yi zan zo da takarkari in ɗauke ki. Shi kuma yaron ya zo ya bi min shanu, ya fi masa wasan laka." Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na gane. In na rasa filin nan, sanda zan saɓa a bayan shanun wani har in mutu.

Wajen zaɓen wuri ban tambayi kowa ba, don abu ɗaya da mahaifina ya bar min shi ne ido. Ya sha gaya min, in kana son sanin inda ruwa ba ya kai wa, kada ka tambayi mutum, dubi inda shanu ke kwanciya da marka. A gabas da gari akwai wani tsohon mashekari, wato wurin da makiyaya ke zama da shanunsu duk damina tun kaka da kakanni. A can shanunmu suka mutu. Tun daga shekarar babu wanda ya ƙara raɓar wurin, makiyaya na tsoron ciwo, mutanen gari na tsoron abin da ba su sani ba, ƙaya da tumfafiya suka rufe shi. Na duba itatuwan da ke kewaye. Kowace aduwa ta gangare tana da zoben laka a jikinta, shaidar inda ruwa ya tsaya bara, na kan tudun kuwa jikinsu fes. Na ce nan ne. Na yi kwana da kwanaki ina sara, ina tumɓuke kututture, ina ƙonawa. Tafin hannuna ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Ƙasar wurin baƙa ce mai laushi, fartanya na shiga kamar cikin tuwo. Na yi murna, na ce Allah ya sauƙaƙe min haƙa.

Ina cikin jan layi da igiya, ina auna kusurwa yadda aka koya mana a makaranta, sai ga Gwani a kan jakinsa. Shi ne maginin yankinmu, tsohon Babarbare, ƙafafunsa sun yi fari sun tsattsage saboda taka ƙasa. Kowa ya san wasan da ke tsakaninmu da Barebari, don haka tun daga nesa ya fara.

"Kai, bawana! Wa ya kwance ka? Me kake tonawa, nono ka binne?"

Na ce, "Gida zan gina, Baba. In na gama zan ɗauke ka gadi."

Ya sauko, ya dumbuzi ƙasar, ya murza, ya kai hanci ya sansana. Ya ce, "Da wannan?"

"Da ita."

"To madalla. In ta nuna ka kira ni in zo in ci."

Ban gane ba, kuma ban tambaya ba. Ga girman kan ƙuruciya, ga na aji biyu, ga na Fillanci, uku suka taru a kan mutum ɗaya. Na ɗauka tsokana ce kawai irin tasu. Ya hau jakinsa yana girgiza kai.

Na haƙa ramin harsashi ko kamu ɗaya bai cika ba, na ce ya isa. Ƙasar da na fitar ita na jiƙa, da ruwan da nake ɗaukowa daga kogi tulu biyu-biyu bisa jakin aro. Na tattaka da ƙafa, na zuba ciyawa yadda na ga ana yi, na dunƙula tubali na jera a rana. Duk rani a haka ya ƙare, da safe aikin mutane don abin da za mu ci, da yamma nawa. Inna takan biyo da fura in ta taso daga talla, ta ajiye a inuwa ta tsaya daga nesa. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta kira, "kai" ne sunana a bakinta. Da bazara ta kama, katangar ɗaki ɗaya ta kai ƙirjina. Nakan ja da baya in riƙe ƙugu ina kallonta kamar ni na gina ganuwar birni.

Sai ruwan shuka ya sauka, mai ƙarfi, kwana biyu a jere. Na je na tarar kusurwar gabas ta durƙusa kamar raƙumi, bangon arewa ya tsage har ina zura hannu. Wannan ma da sauƙi. Bayan 'yan kwanaki katangar ta yi kore. Wallahi kore shar. Gero, dawa, yakuwa, har da kabewa, duk irin da ke kwance cikin ƙasar nan da wanda ke cikin ciyawar da na zuba, suka farka suka tsiro daga jikin tubalina. Ashe ba da ƙasa na yi gini ba, da taki na yi, tsohon kashin shanu da ya ruɓe shekara da shekaru ya zama gari. Mu da muka tashi cikinsa muna takawa, ban taɓa tunanin yana da zurfi ba. Labari ya zaga. Mutane suka riƙa baro shuka suna zuwa kallo. Wani ya ce, "Sannu da noma, Malam." Wata tsohuwa ta ce in kabewar ta nuna a tuna da ita. Har waƙa 'yan mata suka yi min a dandali. Ba zan rubuta ta ba, har yau in na tuna sai ƙeyata ta yi zafi.

Kwana uku ban fita ba. Ran na huɗu na ɗauki hulata na tafi gidan Gwani, na tarar yana gyaran ƙotar galma a zaure. Na durƙusa. Bai ɗago ba ya ce, "Ta nuna ke nan?" Na ce, "Baba, yau ba wasa ya kawo ni ba." Ya ɗago ya dube ni, ya ajiye galmar, ya ɗauki dagi, ƙarfen nan na haƙa mai tsini, ya ce mu je.

Ya zagaya tudun sau biyu, ya duba jikin itatuwa yadda na duba. Ya ce, "Wa ya nuna maka nan?"

Na ce, "Shanu."

"To shanu sun fi ka hankali. Wuri ya yi, duk garin nan ba tudun da ya kai shi. Amma ƙasar da ke ciyar da gero ba ta ɗaukar bango. Riƙe." Ya miƙa min dagin ya ce in caka. Na caka, ya nutse lum, ba ƙara. Ya ce, "Ka ji? Ta yi maka shiru. Ƙasar da ta yi maka shiru munafuka ce. Haƙa."

Na haƙa har gwiwa, baƙa. Har cinya, baƙa. Sai da ramin ya kai ƙuguna launi ya juya ya yi ja, dagin ya buga ya ce ƙau, hannuna ya yi tsami har kafaɗa.

Ya ce, "Yauwa, ta amsa. Daga nan gidanka ya fara. Duk abin da ke sama ba naka ba ne, na shanu ne. Kwashe shi, duk faɗin ɗakin, ka ƙara taku uku ta kowane gefe. Sannan ka cike da jar ƙasa daga tudun maƙera, kana zubawa kana daɓewa, har ta ɗara ƙasar wurin da tsayin gwiwa."

Na ce, "Baba, damina ta shigo. Kowa na gona, ba mai zuwa gayya. Ni kaɗai ko shekara ba zan gama ba."

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Da ka buɗe baki da rani, da yanzu rufi kake. Ni kuwa baki ya rage min, bayana ya ƙare."

Ya tafi, na zauna a gindin katangar nan mai ganye na dafe kai. A nan Inna ta same ni da ƙwaryarta a ka. Ta sauke, ta daɗe tana kallon wasu mutum biyu da suka tsaya daga nesa suna nuni. Sannan ta yi magana, ba ta dube ni ba, kamar da katangar take.

"Kai dariyarsu kake ji. Ni idonsu nake gani."

"Me ke cikin idonsu, Inna?"

"Geron da ke jikin bangon nan ya fi na gonar kowannensu. Manomi ba ya baro shuka ya zo kallon kore don dariya kaɗai." Ta gyara gammonta. "Ni ban san gini ba. Amma ban taɓa kai nono gari na dawo da ƙwarya wofi ba, ko hatsi ne sai an zuba min."

Washegari ta fita talla kamar kullum, sai dai duk gidan da ta shiga da nono sai ta bar magana: akwai taki a mashekari, wanda ya ga katanga ya ga shaida, kowa ya zo ya haƙa ya ɗiba, ba sayarwa ake ba. Sharaɗi ɗaya ne, jakin da zai fita da baƙar ƙasa ya shigo da ja. Mangala ta fita, mangala ta shigo. Ranar farko mutum biyu suka zo, suna ta tofe-tofen addu'a saboda tsoron wurin. Da aka ga ba abin da ya same su, sai hanya ta buɗe. Jakuna suka yi layi kamar ranar kasuwa. Mutumin nan da ya ce min sannu da noma, shi ya fi kowa sawu. Har jakunan gidan Bulama na gani, ba a ce min komai ba, ni ma ban ce ba. Inna ta daina talla da rana, ta zauna a bakin hanya tana zura hannu cikin kowace mangala. Wani ya zo da yashi ya yayyafa ja a sama. Ta ce, "Malam, in na ba ka nono rabi ruwa za ka karɓa?" Ya ce, "Haba Inna, ai shi muke sha kullum!" Jama'a suka yi dariya, ita ma sai da ta rufe baki da mayafi. Amma jakin nan sai da ya juya.

Ni kuwa ina cikin rami. Gwani yakan zo da hantsi ya zauna a inuwar aduwa yana tauna goro yana zagina. Katangar na rushe ta da hannuna, ita ma aka kwashe ta zuwa gonaki. Da muka kai ga ja ko'ina, ya sa na share ƙasan ramin ya yi sumul, ya sa na bi ramukan gara na tono har uwarsu, na zuba toka. Sannan zubi: kauri yatsa huɗu, a yayyafa ruwa, ba jiƙawa ba, a ɗaga gungumen itace a buga. Tim, tim, tim, tun hantsi har rana ta yi ja. In na ce ya yi, sai ya taso ya caka dagi, in ya shiga ko da ɗan farce ne sai ya ce, "Fura ce wannan. Sake." In hadari ya haɗo mu rufe da zana da ciyawa mu danne da itace, in ya wuce mu buɗe mu jira iska ta sha. Akwai makon da ruwa bai bar ni na yi zubi ko ɗaya ba, ina zaune ina kallon sama kamar mai jiran shari'a. Yanzu ana kawo inji ya yi ƙara rabin yini a ce an daɓe. Ni kafaɗata ta dama har yau in hadari zai taso ita ke fara sani. Da dandamalin ya kai tsayin da ya ce, ya sa na karkata samansa kaɗan don ruwa ya gangara, na ja kwata ta kewaye shi. Sannan ya buɗe rumfarsa ya ba ni busasshen tubalin jar ƙasa da ya rage masa daga wani aiki, ya ce, "Sadaka ce ga bawa." Muka tona layin bango muka aza, faɗinsa kamu biyu. Sahu uku kacal muka yi marka ta zauna, gini ya tsaya. Sahu uku. Ko akuya na tsallakewa.

Ruwa ya taso a lokacinsa. Ya shafe hanyar gabas, ya kewaye tudun ta gefe uku, ya tsaya can ƙasa. Kawu ya iso da takarkarinsa kamar yadda ya ce, ya ɗaure kayan Inna, ƙore da tabarmi da turmi, ita kuwa ba ta hana shi ba. Cewa kawai ta yi kafin a kama hanya a bi ta mashekari. A ranar ne kuma Bulama ya aiko cewa yana zuwa bayan azahar. Ya zo da dattawa uku, sun naɗe wanduna, laka har ƙwauri, don an wuni ana ruwa jiya. Gwani na nan zaune. Bulama ya tsaya ya dubi sahu ukun nan, ya dube ni.

"Yaro, me na ce maka?"

"Ka ce ka ga gini, ranka ya daɗe."

"Ina ginin?"

Dattijon nan da ya fara yi min dariya ya ce, "Ai an faɗa." Kawu ya ce, "Adda, rana na yi."

Gwani ya tofar da goro ya miƙe. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ginin na nan, ya kai ƙirjin mutum, sai dai ƙasa ya nufa ba sama ba. Na yi wa manya aiki a cikin birni, ban ga wanda ya yi haƙurin a yi masa irinsa ba. Wannan bawan nawa wawa ne, na yarda. Amma ba rago ba ne."

Bulama ya ce, "Gwani, ni ido gare ni, ba dagi ba. Tun da tsoron wurin nan ya kau, mutum uku suka zo min a kansa, kowanne haifaffen garin nan. Me zan ce musu?"

Ana cikin haka la'asar ta yi. Aka duba inda za a yi salla, babu. Duk inda ka taka ƙafa ta nutse, ciyawa na tsiyayar ruwa. Bulama ya tattare rigarsa ya tsallaka tubalin ya hau dandamalin. Ya tsaya. Ya buga diddige sau biyu. Wurin a bushe ƙamas, da tauri kamar dutsen niƙa, ruwan jiya ya gangare bai bar ko alama ba. Aka miƙo buta muka yi alwala. Ko buzu bai shimfiɗa ba, ya ja mu salla, mu bakwai, cikin ɗakin da ba bango ba rufi. Ni ban san me na karanta ba, Allah ya yafe min. Da ya sallame ya daɗe a zaune. Ya shafa goshinsa, ya dubi 'yar jar ƙurar da ke tafin hannunsa. Sannan ya yi magana bai juyo ba.

"Inda na sa goshina ba na karɓe shi in ba wani. In ruwa ya janye ka ɗora. In ka tashi rufi, akwai giginya biyu a gonata, ka zo ka sare ɗaya."

Dattijon nan ya buɗe baki, Bulama ya ce, "Ba na maimaita magana," ya rufe.

Kawu ya miƙe ya kama igiyar takarkari. Inna na zaune can gefe bisa kututture. Ta ce min, "Kai. Sauke min kayan nan. A hankali da babbar ƙwaryar."

Kawu ya ce, "Adda, a ina za ki kwana? Ba ɗaki fa."

Ta ce, "Bukka nawa na kafa a rayuwata? Ɗaya ce za ta gagare ni?"

Haka Kawu ya koma da takarkarinsa ba kaya, ni kuma na ɗauki adda na shiga saran sandunan bukka, ƙafata na nutsewa a laka, ina dariya ni kaɗai kamar wanda ya taɓu.

Da rani na ɗora, na rufe da azarar giginyar Bulama. Inna ta shiga ɗakin ta zauna cikinsa har ƙarshen ranta, kullum tana mita wai ba iska, wai kamar an jefa ta rijiya. Amma duk ɗan'uwan da ya zo daga daji gaishe ta, kafin ta dama masa fura sai ta ja shi bayan ɗaki, ta nuna masa gindin bangon da ƙafa ta ce, "Abin da kake gani kaɗan ne. Sauran yana ƙasa." Ba ta faɗin wanda ya yi. Su ma ba sa tambaya.